Makanike ya karɓi kuɗina, mota ta faɗi gwajin rodwodi (na lafiyar mota), yanzu kuma wai in cika masa saura

Abban_Sadiq, Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu mota a Legas da waɗanda suka san harkar gareji ku bani shawara, raina a ɓace yake wlh.

Corolla ce gareni 2007, tokumbo (ta hannu daga waje) na saye ta, da ita nake kai yara makaranta in kuma ɗauko kayan shago daga Mile 12. Takarduna sun kusa ƙarewa sai na je na biya kuɗin sabuntawa, aka bani takardar rifaral ɗin nan da za ka je da ita cibiyar LACVIS, masu gwajin mota da na'ura a Legas, a gwada motar kafin a baka ainihin takardar rodwodi. To da yake na san motar tana da ƴan matsaloli, in na taka birki tana ɗan karkacewa kuma ƙasanta na ƙara in na faɗa rami, sai nace bari in fara kaita gareji. Makaniken ba baƙo bane, ɗan uwanmu ne Bahaushe, masallaci ɗaya muke sallar Juma'a, matarsa ma ta san maman yara. Na faɗa masa ƙarara nace malam gwaji zan kaita, duk abin da ka san zai kayar da ita ka gyara. Ya zagaya ta, ya kwanta ya leƙa ƙasa, yace fad ɗin birki na gaba, shu na birkin baya, shokazoba biyu na gaba, tayarod, alaimen da sabis, kaya da kuɗin aiki duka dubu 210. Na tura masa dubu 170 ta tiransifa, muka yi da shi cikon dubu 40 sai na dawo daga gwaji.

Na karɓi mota na je gwaji, aka hau da ita kan injin nan mai juya taya, aka zura wani abu a bakin salansa, aka kunna fitila a gaban wata na'ura, sai ga takarda ta fito wai ta faɗi. Abu uku suka rubuta: birkin baya ba ya kamawa daidai, na hagu yana riƙewa na dama kusan babu, hayaƙi ya wuce ƙa'ida, sannan fitilar hagu tana kallon sama.

Da na koma masa da takardar ko karɓa bai yi ba, yace shi ya yi aikinsa, injin nasu ne ba ya aiki daidai, ai mota tana tsayawa in an taka birki to me kuma ake nema. Wai in cika masa dubu 40 ɗinsa, in kuma takarda nake so in ƙara wani abu yana da ejan da zai fito min da ita ba sai motar ta sake zuwa ba. Abin da ya ƙara tayar min da hankali shi ne tun ranar da na ɗauko ta kukan salansar ya canza, ta zama kamar tana kurari in na taka totur, wani maƙocina yace kar dai indomin motar aka cire, wato abin da ke tace hayaƙi a cikin tulun da ke kan bututun salansa.

Yanzu ya zan yi? In hana shi cikon ne, ko in kai wani gareji a gyara in cire a kuɗinsa, ko akwai inda ake kai ƙarar irin wannan? Ba na son abin ya zama tashin hankali saboda zumunci amma kuma ba tsintar kuɗin nayi ba.

DanBorno_Apapa:

Wa alaikumussalam. Kai malam wane zumunci kuma, shi ya duba zumuncin ne da ya ci maka dubu 170? Ko kwabo kar ka ƙara masa. Ka ɗauki ɗan sanda ɗaya ku je garejin, wlh yana ganin kaki zai tuna inda ya ajiye indomin. Irinsu kunyar da kake ji ita suke ci. Ni tanka nake ja kuma na ga abubuwa a gareji kala kala, a cire maka sabon abu a sa maka tsoho a wanke shi da fetur ya yi ƙyalli. Kar ka tsaya lallashi.

Baba_Makanike, Idi-Araba:

Wa alaikumussalam wa rahmatullah. Ɗana ka yi haƙuri, Allah ya huci zuciyarka. Ni wannan sana'ar nake ci tun kafin gashina ya yi fari, don haka zan faɗa maka inda kake da gaskiya da inda ba ka da ita tukuna, kar kuma ka ji haushina.

Takardar nan da aka baka a wurin gwaji ka adana ta, ka ɗauke ta hoto, ita ce hujjarka gaba ɗaya. Amma abu ukun da ke cikinta ba nauyinsu ɗaya ba a wuyansa.

Birkin baya nasa ne, babu wata magana. Ka biya shi kuɗin shu, ya buɗe wurin da hannunsa, to duk abin da ke ciki ya gani ko ya kamata ya gani. Corolla irin taka ganga ce a baya ba faifai ba, kuma in ka ji gefe ɗaya yana kamawa ɗaya ba ya kamawa to abin bai wuce ɗaya daga cikin waɗannan ba: ko ƴar silindar da ke tura shu ɗin tana yoyo man birki ya jiƙa shu ɗin yana sulɓi, ko silindar ta ƙame da tsatsa ba ta buɗewa, ko ya sa sabon shu bai saita ajasta ba ya mayar da ganga haka nan, ko iska ta shiga layin bai fitar ba. Akwai kuma na biyar wanda ba na fata, wato bai canza na gefen dama ba sam. Maganar da yake cewa ai mota tana tsayawa, eh za ta tsaya mana, don birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan aikin, kana tafiya a hankali cikin go-sulo na Agege ba za ka taɓa ji ba. Amma ka bari ruwan sama ya sauka kana kan gadar Third Mainland da gudu wani ya tsaya a gabanka, ranar za ka ga bayan mota na neman ya wuce gabanta. Injin nasu kowace taya daban yake aunawa shi yasa ya kama abin da ƙafarka ba ta ji ba.

Kai ma za ka iya dubawa da kanka kafin kowa ya taɓa. Ka leƙa bayan tayar dama ta baya, in ka ga farantin ya jiƙe kamar an shafa mai to silinda ce. Ka duba man birki a gaba ko ya ragu. Ko ka sa mai faci ya ɗaga bayan motar da jak, wani ya ɗan taka birki kai kana juya tayoyin da hannu, za ka ji bambancin nan take. Ka ɗauki bidiyo.

Fitila kam abin kunya ne ma a ce ta shiga lissafi, sukurun saiti ne a bayanta, a tsaya gaban bango da daddare a juya shi shikenan, sai dai in kunnen fitilar ne ya karye. Wanda aka ce masa gwaji za a kai mota ya kamata ya duba, amma ba abin faɗa bane.

To hayaƙi, nan ne nake so ka ja birki kai ma. A lissafin da ka kawo babu inda yace zai taɓa salansa ko sensa, kuma makanike na bakin titi ba shi da na'urar auna hayaƙi, da hanci da ido muke yi. Sannan kar ka fito ka ce masa ɓarawo a gaban mutane alhali ba ka da shaida. Gaskiya ne ana satar indomi, saboda a cikin saƙar nan tasa akwai ƙarafa masu tsada, falatinam da faladiyam da rodiyam, masu saye suna nan suna yawo gareji gareji. Amma motoci da yawa tun kafin su iso hannun mai su an riga an fasa an kwashe, tun a wurin dillalai, mutum ya yi shekaru yana hawa bai sani ba sai ranar gwaji. Abin da zai raba gardama shi ne walda. Ka kaita wurin mai walda wanda ba ruwansa da garejin can, a hau rami ko a ɗaga ta, a duba tulun da ke kan bututun salansa da gaɓoɓinsa. Sabuwar walda ba ta ɓuya, za ka ga ɗinkin da haske da shuɗi shuɗi a gefe babu tsatsa babu laka, ko notinan da aka kwance kwanan nan kansu ya goge. In kuwa ɗinkin ya yi ja da tsatsa ya haɗe da sauran ƙarfen to tsohon aiki ne, ka wanke makaniken daga zargi. Canjin kuka kuma gasket da ya saki ma yana kawo shi.

Sai ka duba wani abu, in ka murɗa makulli kafin ka tayar da inji, fitilar cek-inji tana kamawa tare da sauran fitilun dashbod? Dole ta kama sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kamawa sam to an cire ƙwan ko an liƙe shi. Ka je wurin mai kwamfuta ya jona, in ya nuna lambar matsala P0420 to yawanci maganar indomi ce, ko ya mutu ko babu shi.

DanBorno ɗana, kai kuma ka sassauta, ba kowane makanike ne ɓarawo ba, wani ganganci ne kawai da barin yara su ƙarasa aiki shi yana can yana shan shayi.

Maman_Ilham, Obalende:

Ni dai maganar ejan ɗin nan ce ta tsaya min a rai. Yaya don girman Allah kar ka yarda. Tun Janairun 2022 gwamnatin Legas ta ce sai mota ta je an gwada ta sannan a bada takardar, to wanda yace zai kawo maka ita kana zaune a gida daga ina zai samo? Ƙanin maigidana haka aka yi masa, wani a bakin geti ya karɓi kuɗinsa ya kawo masa takarda fes da ita har da hatimi, yana ta murna, ranar da aka tare shi a hanya aka buga lambar motar a na'ura babu ita a ciki, ga tara ga kunya, shi kuma ejan ɗin lambarsa ta daina shiga. Yanzu ma ba sai an tare ka ba, kyamarorin nan da aka kafa a manyan tituna suna karanta lambar mota, kana gida sai dai ka ga saƙon tara a waya.

Kuma ko takardar ta gaske ce, ai birkin ba zai gyaru da takarda ba, yara fa kake ɗauka a ciki. Ni abin da ya bani mamaki mutumin da ya san matarka da ƴaƴanka ne ma yake kawo wannan shawarar.

Sannan ka duba ranar da ke jikin takardarka, suna bada wa'adi ka gyara ka dawo a sake gwadawa, kar rigimar nan ta cinye maka kwanakin ka zo kana sabon biya.

Abban_Sadiq, Agege:

Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara girma, Hajiya ke ma na gode, maganar ejan dama ban yi niyya ba. Na leƙa bayan tayar kamar yadda Baba yace, wlh a jiƙe take sharkaf har ƙura ta manne ta yi baƙi, man birkin kuma ya sauka ƙasa da layi. Fitilar cek-inji tana kamawa in na murɗa makulli, kuma dama tun da na sayi motar takan kunna kanta wani lokaci ta mutu. Mai walda zan je gobe in Allah ya kaimu. Tsofaffin kayan da ya cire kuma da na tambaya yace yara sun zubar, shokazoba kaɗai ya nuna min. Abin da nake tsoro yanzu in na mayar masa da motar kar ya riƙe ta yace sai na cika kuɗi, don na ga take-takensa.

Ɗalibin_Lauya, Ikeja:

Slm Alhaji. Ina aiki a ofishin lauyoyi, bari in ɗan sa baki ta ɓangaren doka.

Shawarar ɗauko ɗan sanda ka ajiye ta gefe tukuna. Abin da ke tsakaninku a yanzu ciniki ne da aka saɓa, kuma dokar ƴan sanda ta 2020 a sashe na 32 ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko ana bin sa bashi. Za ka kashe kuɗi ka ɓata zumunci kuma birki na nan yadda yake. Sai fa in mai walda ya tabbatar an yanke indomi kwanan nan, wannan sata ce, hukuncinta daban.

Tsoron da kake ji na riƙe mota yana kan hanya, don mai gyara yakan iya riƙe abin da ya gyara har sai an biya shi, yanzu kuwa motar tana hannunka, cikon kuɗin ma yana hannunka, kai ke da ƙarfi. Kar ka mayar da ita sai an zauna an yi magana a gaban shaidu. Yawancin garejin Legas suna da shugaba kuma suna ƙarƙashin ƙungiya, da yawa ƴan NATA ne, ƙungiyar makanikai ta ƙasa, ka tambayi waye ciyaman na wurin ka kai masa takardar gwajin da hoton tayar da alat ɗin tiransifa. Makanikai suna jin tsoron ƙungiyarsu fiye da yadda mutane ke zato saboda nan ne wurin cin abincinsu. Tunda kuma masallacinku ɗaya ka haɗa da liman ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, in ta ƙi akwai fadar Sarkin Hausawan Agege, irin wannan sulhun ba baƙo bane a can.

Abin da za ka nema ya zama a fili kuma kar ka haɗa da abin da ba ka tabbatar ba: ya gyara birkin baya da fitila ba tare da sabon kuɗin aiki ba, shu ɗin da mai ya jiƙa shi zai canza daga aljihunsa, cikon dubu 40 kuma sai motar ta wuce gwaji a kan birki da fitila. Silindar kanta tunda ba ta cikin lissafin farko, in ka sayi wannan da kuɗinka ba a zalunce ka ba, dama da ya gani tun farko kai za ka saya. Bayan zaman ka tura masa abin da aka yanke a WhatsApp ya amsa ko da murya ce, kotu tana karɓar irin wannan a matsayin shaida.

In duk an yi ya ƙi, akwai Citizens' Mediation Centre ta ma'aikatar shari'a ta jihar Legas, kyauta suke sasanci, za su aika masa takardar gayyata. Akwai LASCOPA masu kare haƙƙin masu saye. Sannan akwai kotun ƙananan ƙararraki da aka fara a 2018 a kotunan majistare, tana sauraron abin da bai wuce naira miliyan 5 ba, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara a gama shari'a cikin kwana 60, amma sai ka fara ba shi takardar neman haƙƙi a rubuce. In ka zaɓi kai motar wani gareji to ka karɓi rasit, kuma ka riƙe tsohon shu ɗin da silindar a leda kar a zubar.

DanBorno_Apapa:

To Barista mun ji. Amma ni dai na faɗa, in aka ga sabuwar walda kar wanda ya zo yana cewa a yi haƙuri don Allah.

Baba_Makanike, Idi-Araba:

Tunda ka ga jiƙa to magana ta ƙare, silinda ce. Kar ka yi doguwar tafiya da ita a haka, kar ka ɗauki yara, don man yana ƙarewa feda za ta tafi ƙasa. Kuma kar ka bari ya ce zai wanke shu ɗin da fetur ya mayar, shu in ya sha mai ya tashi aiki, a canza na gefe biyun tare. Silindar ka je kasuwar kayan mota ta Ladipo da kanka ko ka aiki wanda ka yarda da shi, ka tafi da tsohuwar a hannu a gwada, in da hali ka sayi biyu don ta hagun ma sa'arta ce. Ka tsaya a kansa har ya fitar da iska a layin.

Yadda ka ce cek-inji na kunnawa tun da ka saye ta, zuciyata ta fi ba ni cewa matsalar hayaƙin tsohuwa ce, amma dai a bari mai walda ya gani. Kafin ka koma gwaji ka canza fulogi da matatar iska in bai canza a sabis ɗin ba, kuma ka je da inji da zafinsa, kar ka kashe ta ta huce a layi. Ka duba tayoyinka ma, akwai lamba huɗu a gefe, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2319 to satin 23 na 2019 aka yi ta.

Abban_Sadiq, Agege:

Jama'a ga inda aka kwana. Mai walda ya duba yace an taɓa fasa tulun amma tsohon ɗinki ne ya yi tsatsa, cikinsa fayau babu komai, kukan kuma gasket ne ya saki a gaɓar gaba. Don haka maganar sata babu ita, alhamdulillah da ban furta ba. Mun zauna da ciyaman ɗin garejin da na'ibin limaminmu bayan la'asar, da aka cire tayar a gabansu shi kansa shiru yayi sai faɗa yake wa yaronsa. Ya yarda zai sa sabon shu da kuɗinsa ya saita fitila, ni zan kawo silinda biyu, ciko sai bayan gwaji, ciyaman yace motar ba za ta kwana a garejin ba.

Saura indomi. Baba wanne ya fi, in nemi tokumbo a Ladipo ko sabo irin na kanti da ake waldawa? Kuma ya ake gane na tokumbon ba fanko bane kafin in biya?